Sabulun Ƙamshi a Matsayin Goron Sallah: Nazarin Gwajin Wata Malama a Garin Gombe

Wannan nazari ya shafi wata malamar makarantar firamare da ke zaune a unguwar Tudun Wada cikin garin Gombe, wadda ta yi niyyar haɗa sabulun wanka mai ƙamshi da hannunta domin ta raba wa dangi da maƙwabta a ƙaramar Sallah. Ta gwada sau biyu, a shekarar 2024 da kuma 2025. Na farko bai kai hannun kowa ba, na biyu kuwa ya shiga gidaje kusan arba'in. Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar sakandare, gidanmu na kallon nasu, kuma an kira ni ne bayan aikin farko ya riga ya ɓaci, don haka abin da zan kawo a nan ya haɗa abin da ta ba ni labari da abin da na gani da idona.

Dalilinta na kama wannan hanya ba ɓoyayye ba ne. Ta saba kowace Sallah ta kai wa surukarta da goggonnin mijinta da wasu dattawan unguwa ɗan abin hasafi, wani lokaci turare, wani lokaci sabulun kanti da man shafawa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashin kaya ya yi tashin da albashinta bai bi shi ba, sai ta ga cewa idan ta ce za ta sayi kyautar gidaje arba'in a kanti, to kayan Sallar yaranta ne za su sha wuya. Ta taɓa halartar wani horon koyon sana'a na kwana uku inda aka nuna musu haɗa sabulu, kuma tana da takardar da ta rubuta ma'aunan a kai. Ta ɗauka wannan takarda ta isa.

An fara azumin 2024 ranar 11 ga Maris. Hidimar makaranta da ta buɗa-baki suka sha mata kai, ba ta zauna kan aikin ba sai ranar Asabar 30 ga Maris, wato azumi na ashirin, saura kwana goma sha ɗaya a yi Sallah, wadda ta kama Laraba 10 ga Afrilu. Takardarta ta ce a yi amfani da man alayyadi, a auna shi, shi da sodar haɗa sabulu (caustic soda), da gwangwanin madara. Da ta je kasuwa ta tarar alayyadin da ke akwai baƙi ne mai ƙaurin hayaƙi, ta yi tunanin zai danne ƙamshin da take so, sai ta sayi man gyaɗa a madadinsa, ta bar yawan sodar yadda yake a takarda. Ta jiƙa sodar a tukunyar alminiyam irin wadda maƙera ke zubawa, ta tafasa zoɓo ta tace domin sabulun ya fito ja, sannan a ƙarshe ta juye kwalbar humra mai tsada da wata ƙawarta ta kawo mata daga Maiduguri.

Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya haifar da tasa matsalar, kuma sun bayyana ne bi da bi. Tukunyar ta fara tafarfasa tana baƙi tun kafin a zuba mai, domin soda tana cin alminiyam, tana kuma fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Ruwan zoɓon da ya shiga ja wur ya rikiɗe nan take ya koma wani launi tsakanin kore da ruwan ƙasa, saboda jan zoɓo yana tsayawa ne a cikin abu mai tsami, ba ya jure kaifin soda. Humrar kuwa, da shigarta sai kwaɓin ya daskare a jikin muciya kamar tuwon da ya kwana, har sai da ta riƙa danna shi cikin mazubi da bayan cokali. Humra haɗi ce ta abubuwa da yawa, kuma masu yin ta sukan sirka da turaren fesawa mai sipirit, shi kuwa sipirit yana sa kwaɓin sabulu ya kama cikin ƙiftawar ido. Bayan kwana biyu, ƙamshin da aka kashe kuɗi dominsa ya gudu, ya bar wani wari mai kama da na jiƙaƙƙen itace.

Duk waɗannan aibi ne na ido da hanci, kuma da a nan abin ya tsaya, da ana iya rufe ido a bayar. Babbar matsalar ta fito ne ranar da ƙanwarta ta yanki gefen guda ta wanke hannu da shi, bayan 'yan mintuna ta zo tana yarfe hannu tana cewa, “Adda, wannan sabulun naki cizo yake yi.” Bayan hannun ya yi ja, fatar yatsun ta yi santsi sannan ta bushe ta tattare. A daren ne aka aiko a kira ni.

Na zo da takardar gwajin kaifi da muke amfani da ita a ɗakin gwaje-gwaje. Sabulun wanka na kirki yakan tsaya tsakanin 9 da 10 a wannan ma'auni, nata kuwa ya haura 12. Da na fasa guda na ga ciki yana marmashewa, da wasu fararen ɗigo-ɗigo da ƙananan ramuka masu ruwa. Sai na nemi takardar ma'aunin, kuma a nan ne asalin lamarin ya fito fili. Sabulu ba komai ba ne illa abin da ke samuwa idan mai ya haɗu da soda suka cinye juna, suka zama sabulu da gilisarin. Amma kowane mai yana da iyakar sodar da zai iya cinyewa, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Kilo ɗaya na man alayyadi yana buƙatar soda kimanin giram 176, kilo ɗaya na man gyaɗa kimanin giram 137, man kaɗe kuwa kimanin giram 128 kacal. Ke nan da ta musanya alayyadi da man gyaɗa ba tare da rage soda ba, ta bar rarar kusan giram 40 a kowane kilo, sodar da ba ta da man da za ta ci, sai fatar wanda ya yi wanka da ita. Ga kuma gwangwanin madara, wanda ba ya gaya wa mutum nauyi: cikinsa da soda mai ƙwaya kamar sukari ya fi cikinsa da mai fale-fale nauyi, kuma abin da wata ta kira cikin gwangwani, wata tsororuwa take nufi. Ƙari a kan haka, takardar tata ta sabulun wanki ce, wanda da gangan ake barinsa da kaifi domin ya fitar da dauɗar tufafi.

Tambayar da ta fara yi mini ita ce ko idan aka shanya shi zuwa jajibiri zai huce. Wannan tambaya ta cancanci a tsaya a kanta, domin mutane da yawa sun ɗauka cewa shanya ce ke kashe kaifin sabulu. Gaskiyar ita ce, idan ma'auni ya yi daidai, mai da soda sukan gama cin juna cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Makonni huɗu zuwa shida da ake ba sabulu bayan haka na fitar ruwa ne, domin ya yi tauri, ya yi laushi a fata, kada kuma ya narke cikin kwana uku a banɗaki. Sabulun da aka auna daidai aka bayar da shi bayan kwana goma sha ɗaya zai zama kyauta maras auki, amma ba zai ƙona kowa ba. Wanda sodarsa ta yi rara da yawa kuwa, iska za ta ɗan lashe kaifin bayansa, ta bar na cikinsa yana jiran ruwa. Na gaya mata cewa a ganina bai halatta ya shiga hannun kowa da sunan sabulun wanka ba, musamman ma da yake cikin gidajen da za a kai akwai masu jego da tsofaffi masu siririyar fata.

Ba ta ji daɗin maganar ba, kuma ban ga laifinta ba, domin kuɗin da ta tara tun watan Rajab ne a cikin mazuban nan. Amma ta yarda. An goge sabulun a magogi, aka riƙa jiƙa shi ana wanke tsakar gida da makewayi, a shekarar kuma cincin da dubulan ta raba.

Akwai wani abu da na lura da shi a daren wanda ya fi sabulun tayar mini da hankali. Ragowar ruwan sodar yana ajiye a cikin gorar lemo a gefen randa, fari tas kamar ruwan sha, a gidan da ke da yara huɗu, a watan da kowa ke rige-rigen kai hannu ga ruwa da an kira sallar magariba. Likitoci a ƙasar nan sun san yaran da ake kawowa daga gidajen masu haɗa sabulu bayan sun kurɓi irin wannan ruwa, maƙogwaronsu ya ƙone ya tsuke, wasu su shafe shekaru ba sa iya haɗiye tuwo. Kafin mu yi maganar komai sai da muka zubar da shi a masai muka bi da ruwa mai yawa.

Shiri na biyu ya fara ne da lissafin kwanaki daga baya zuwa gaba. Tun da watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, ta san Sallar 2025 za ta faɗo a ƙarshen Maris, ko da yake tabbacin rana sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata. Ta cire mako shida na shanya, ta ƙara mako guda na ko-ta-kwana, sai ranar zubi ta kama farkon Fabrairu, kafin azumi da mako uku. Daga nan ta sake cire mako biyar domin ƙaramin gwaji, wanda ta yi ranar Asabar 4 ga Janairu. Ta sayi ƙaramin sikeli mai batir irin na masu yin kek, da bokitan roba masu kauri guda biyu, da safar hannu ta roba, da tabarau, aka kuma keɓe muciya guda da ba za ta sake shiga tukunyar abinci ba.

Ma'aunin da muka tsayar a kan kowane kilo na mai shi ne man alayyadi giram 300, man kaɗe giram 300, kitsen shanu giram 200, man gyaɗa giram 200. Kowane yana da aikinsa. Alayyadi ne ke kawo kumfa da tauri, amma idan ya yi yawa yana busar da fata, kuma a wannan karon ta yi haƙuri ta nemi fari wanda aka tace. Man kaɗe yana sa sabulu ya yi taushi a jiki, sai dai kumfarsa kaɗan ce. Kitse yana ba shi ƙarfi da auki, kuma shi ne mafi araha, domin a wurin mahauta ta karɓo shi ta narkar da ruwa da gishiri sau biyu har ƙarninsa ya fita. Idan aka lissafa abin da kowane mai ke ci, jimillar sodar takan kai kimanin giram 147. Muka rage kashi biyar cikin ɗari da gangan, ta koma giram 140, domin a bar ɗan rarar mai maimakon rarar soda, tun da man kasuwa ba kullum yake zuwa iri ɗaya ba. Ruwa kuwa ninki biyu na sodar, giram 280, kuma ruwan leda ta yi amfani da shi saboda na rijiyarsu yana da nauyi, ba ya son kumfa.

Wajen jiƙawa, soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa, ba a zuba ruwa a kan soda, domin zafin da ke tashi yana iya sa ta yi tsartuwa zuwa fuska. Ruwan yakan ɗauki zafi kusa da na tafasa, yana fitar da tururi mai shaƙe maƙogwaro, don haka a fili ta yi aikin, bayan an tura yara gidan kakarsu. Hunturu ya kawo tasa wahalar. Da sanyin safiyar Janairu man kaɗe da kitse da alayyadi duk a daskare suke, kuma a gwajin farko ta zuba ruwan soda da ya huce sosai a kan man da bai gama ɗumi ba, sai kwaɓin ya yi kauri da wuri har ta ɗauka ya kama, alhali kitsen ne kawai ya sake daskarewa. Daga baya ta koyi ta haɗa su dukansu suna da ɗumin da bai wuce na jikin mai zazzaɓi ba, wajen digiri 40, ta yi ta juyawa har sai ɗigon da ya faɗo daga muciya ya bar sawu a saman kwaɓin kamar na kunun gyaɗa mai kauri. Da hannu wannan yakan ci fiye da awa guda.

Batun ƙamshi, wanda shi ne asalin burinta, shi ya fi cin lokaci a gwajin Janairu. Ta raba kwaɓin cikin ƙananan kofunan roba shida, kowanne da turarensa, ta rubuta suna a jiki. Man kanumfari ya sa kwaɓin ya kama da sauri kusan kamar humrar bara, ga shi kuma yana da zafi a fata, aka ajiye shi gefe. Wata madarar turare mai ƙamshin fure ta sa kwaɓin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar shinkafa. Mai ƙamshin banila ya yi daɗi, amma cikin mako biyu sabulun ya koma ruwan ƙasa mai duhu, wanda halin banila ne a cikin sabulu. Man ɓawon lemo ya fi kowanne daɗi a ranar farko, a mako na huɗu kuwa sai an kanga hanci sosai ake jin alamarsa. Biyu ne suka tsaya: madarar sandal, da man ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake sawa a shayi. Ya kamata a faɗa cewa sandal ɗin da ake sayarwa a ƙananan kwalabe a kasuwanninmu haɗin masana'anta ne, domin man itacen sandal na asali da ake samu daga Indiya tsadarsa ta wuce a zuba shi a sabulu, kuma hakan ba aibi ba ne muddin an gwada an ga ya zauna lafiya da soda. Adadin da ta tsayar shi ne giram 30 a kilon mai. Ta so ta ninka, na hana ta, domin abin da hanci ke so ba lallai fata ta so shi ba.

Launi kuwa ta sauƙaƙa wa kanta. Ta sa rabin ƙaramin cokali na garin kurkum a na ciyawar lemo, wanda ya fara da ja-ja sannan ya lafa ya koma ruwan ƙwai mai haske, ta bar na sandal da farinsa.

Ranar Asabar 8 ga Fabrairu ta yi babban zubi, kilo uku na mai a kashi uku dabam-dabam: ɗaya na sandal, ɗaya na ciyawar lemo, ɗaya kuma babu turare ko kaɗan. Wannan na ukun shawararta ce, ba tawa ba, kuma ina ganin ita ce shawara mafi kyau a duk aikin, domin ta tuna cewa surukarta tana fama da asma, ƙamshi mai ƙarfi yana tayar mata da tari, ga kuma gidaje uku da aka yi haihuwa. Ta zuba a kwalayen da ta shimfiɗa wa leda, ta rufe da tsohon bargo, bayan kwana biyu ta zare ta yanka da siririyar waya, kowane kashi ya ba da guda goma sha huɗu masu nauyin kimanin giram 100. Ta jera su a kan katako a ɗakin da rana ba ta shiga, da tazara tsakaninsu, ta yafa musu yadi mai shara-shara saboda ƙurar hunturu, tana juya su duk bayan kwana uku. Wani farin gari ya fito a saman wasu, ta tsorata ta zo da guda a hannu, na nuna mata cewa wannan sodar saman ce da ta haɗu da iska kafin sabulun ya gama kamawa, ba ya cutarwa, kuma jiƙaƙƙen tsumma yana share shi. Takardar gwaji ta nuna tsakanin 9 da 10. Duk da haka sai da ita da ƙanwarta suka yi mako guda suna wanka da yankakkun gefe kafin ta yarda ta naɗe ko guda.

Bushewar iskar Gombe a wannan lokaci ta taimaka, domin a mako na biyar kowane guda ya rage kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ya yi tauri. Zafin Maris kuwa barazana ne ga ƙamshi, don haka da ya gama bushewa ta naɗe kowanne a farar takarda ta jera a kwali ta rufe, kowane ƙamshi da kwalinsa. A jikin takardar ta rubuta da hannu abin da ke ciki da ranar da aka zuba. Ta ambaci kitsen shanu domin mutanenmu sukan so su san irin kitsen da ke cikin abin da za su shafa kafin su yi alwala, ta kuma ambaci man gyaɗa domin akwai waɗanda jikinsu ba ya shiri da gyaɗa. Wata maƙwabciya da ta leƙo ta tambaye ta ko ta sa “mai haske”, ta ce idan babu shi 'yan mata ba za su yaba ba. Ta ƙi, kuma ta yi daidai, domin sinadaran sauya launin fata ba abin da za a ɗura wa mutum cikin kyauta ba ne, masu ɗauke da zaiba ma hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC ta daɗe da haramta su.

An ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, aka yi Sallah ranar Lahadi 30 ga wata, sabulun yana da kwana hamsin. Ta ajiye guda huɗu domin lura, sauran talatin da takwas yara suka kai tare da abincin Sallah. Ba kowa ne ya yaba ba. Wasu sun ce kumfarsa ba ta kai ta na kanti ba, wanda gaskiya ne, musamman a gidajen da ke amfani da ruwan rijiya mai nauyi, wasu kuma sun ga guda ɗaya ya yi kaɗan a matsayin kyauta. Wata goggon mijinta kuwa ta aiko jikarta da saƙo cewa, “Ki ce wa 'yata Allah ya yi albarka, kuma idan akwai saura na sandal ɗin nan ta sayar mini da biyar.” Malamar ta mayar da amsa cewa, “Ki ce wa Goggo babu ciniki tsakanina da ita, in Allah ya kai mu babbar Sallah zan ƙara mata.” Bayan ladabi, akwai wani dalili: kayan da za a fitar kasuwa da sunan sabulu suna buƙatar rajistar NAFDAC, ita kuwa ba ta kai nan ba tukuna.

Guda huɗun da ta ajiye muka buɗe a makon babbar Sallah, wadda ta kama 6 ga Yuni, lokacin da damina ta fara sauka iska ta yi laima. Na sandal yana nan da ƙamshinsa, na ciyawar lemo ya ragu da kusan rabi. Guda ɗaya da ta ƙulle a leda da gangan ya yi gumi, saboda gilisarin da ke cikin sabulun gida yana jan danshi, kuma wasu ɗigo masu ruwan lemo sun fito a gefensa da ɗan warin tsohon mai, alamar cewa rarar man da aka bari ta fara lalacewa. Man gyaɗa ne ya fi saurin yin haka cikin mayukan huɗu, saboda haka a takardar ma'auninta ta rage shi zuwa giram 100, ta ƙara kitse zuwa giram 300, muka sake lissafin sodar daga farko.